Yadda Ake Haɗa Gahawar Mataci Irin Ta Kudancin Indiya A Gida

A jihohin kudancin Indiya, musamman Tamil Nadu da Karnataka, abin da ake fara yi a gidaje da yawa da asuba shi ne ɗora madara a wuta da zuba ruwan zafi a mataci. Mutanen arewacin ƙasar 'yan shayi ne, su kuwa na kudu gahawa suka riƙe, suna ce mata kaapi. Ba a dafa ta a tukunya, kuma ba irin ta gwangwani ba ce da ake zuba cokali ɗaya a ruwan zafi ta narke nan take. Tace ta ake yi a hankali, tana ɗiga kaɗan-kaɗan, har a samu ɗan ruwa baƙi wuluk mai kauri, sannan a kashe kaifinsa da tafasasshiyar madara da sukari, a sheƙa ta yi kumfa. Duk wadda ta ɗanɗana wadda aka haɗa da kyau, ta san ba su haɗa hanya da ta gwangwani ba.

Labarin da ake bayarwa a can shi ne, wani waliyyi Musulmi mai suna Baba Budan ne ya kai irin gahawa Indiya a ƙarni na 17. A hanyarsa ta dawowa daga aikin Hajji ya biyo ta Yaman, ya ɓoyo ƙwaya bakwai ɗanyu, domin a lokacin ba a barin irin da zai iya tsirowa ya fita daga ƙasar. Ya shuka su a tsaunukan Chikmagalur, waɗanda har yau ake kira da sunansa, Baba Budangiri. Yanzu jihar Karnataka ce ke noma kusan kashi 70 cikin 100 na gahawar Indiya, a Chikmagalur da Kodagu da Hassan, sai Wayanad a Kerala da tsaunukan Nilgiri a Tamil Nadu. A ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi ake noma ta, sau da yawa a gona ɗaya da masoro.

Uwargida, kayan aikin ba su da yawa: mataci, garin gahawa, madara, sukari, da mazubi biyu na sheƙawa. Amma kowannensu yana da sharaɗi.

Matacin da garin

Matacin ƙaramin abu ne na silba ko na tagulla mai gida biyu, ɗaya a kan ɗaya. Gindin na sama yana da ƙananan ɓuli-ɓuli, a nan ake zuba gari. Na ƙasa shi ke tarbar ruwan da ya tace. Sai madanni, wani faifai mai ɓuli da ɗan mariƙi a tsakiya, sai murfi. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar takardar tacewa, kuma idan kin kula da shi sai ki gaji da ganinsa. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da kayan Indiyawa da kuma kasuwannin intanet. In za ki saya, ki duba girman iyalinki. Babban mataci ba ya aiki da ɗan gari kaɗan, domin garin zai baje ya yi falan-falan, ruwa ya wuce shi da gudu. Don mutum biyu ko uku, wanda gidansa na sama ke cin mililita 150 zuwa 200 ya isa. Ni dai na fi ba wa mai koyo shawarar ta sayi na silba, don ya fi sauƙin wankewa.

Garin kuwa, nan ne rabin aikin yake. A kudancin Indiya galibi ana haɗa gahawa da cikori, wato saiwar wani tsiro mai shuɗin fure da ake busarwa a soya a niƙa. Cikori ba shi da sinadarin da ke hana barci, amma yana ƙara wa ruwan duhu da kauri da wani ɗan ɗaci mai kama da na ƙonannen sukari, sannan yana riƙe ruwa ya rage masa saurin sauka. Haɗin da aka fi yi shi ne kashi 80 na gahawa da 20 na cikori. Akwai masu son 70 da 30, akwai kuma gidajen da ba sa yarda cikori ya shiga matacinsu ko kaɗan. A ganina 80 da 20 ne daidai ga mai fara koyo. Da zarar cikori ya kai kashi 40, ƙamshin gahawa ya tafi, sai baƙin ruwa mai ɗaci. Idan za ki sayi haɗaɗɗen gari, kamfanoni irin su Narasu's da Cothas da Leo suna rubuta kason a jikin leda, sai ki karanta. Ki tabbata an rubuta na mataci ne, ba mai narkewa a ruwa ba, domin kamfani ɗaya yakan yi iri biyun kuma ledojin kan yi kama.

In ba ki samu haɗaɗɗen ba, ki nemi ƙwayar gahawa soyayya wadda ta yi duhu amma ba ta ƙone ba. Irin gahawa biyu aka fi sani: Arabika ta fi ƙamshi, Robusta ta fi ƙarfi da ɗaci, kuma haɗa su biyun yana ba da abin da ake nema ko babu cikori. Arabikar da ake nomawa a tsaunin Mambila a Taraba za ta yi, haka ta Habasha ko ta Kamaru. Idan ɗanya kika samu, ki soya ta a kasko mai kauri da wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, kamar minti 12 zuwa 15. Za ki ji ta fara ƙara ƙas-ƙas tana zubar da ɓawo. Ki ci gaba har ta yi ruwan ƙasa mai duhu, ki sauke kafin ta fara tsattsafo da mai sosai. Ki baza a faranti, ki fifita ɓawon ya fita, ki bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin niƙa.

Niƙan shi ne abin da ya fi ba mutane wahala. Ana son garin ya yi laushi amma ba liƙis ba. Ki ɗebo kaɗan ki murza tsakanin babban yatsa da manuni: in kin ji 'yan ƙananan tsaki-tsaki suna motsi a ƙarƙashin yatsa, kuma ya ɗan ɓata miki fata da ruwan ƙasa, to ya yi. In ya manne ya zama kamar hoda, ya yi laushi da yawa, zai toshe ɓulin mataci. In kuma kina iya ganin ɓarzajjen ƙwaya da ido, ruwa zai ratsa shi bai ɗauko komai ba. Kada ki kai injin unguwa, domin gahawa tana kwasar warin duk abin da aka niƙa kafin ita, ko barkono ko daddawa. Ƙaramin injin niƙa kayan ƙamshi na gida da aka keɓe mata ya fi. Ki niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai, ki adana a kwalba mai murfi gam, nesa da rana da murhu.

Tace ruwan farko

Ki fara ɗora ruwa a wuta. Ruwan ya zama mai daɗin sha. In na rijiya ne mai gishiri-gishiri ko na famfo mai warin magani, za ki ji shi a gahawar. Kafin ya tafasa sai ki ɗauraye matacin da ruwan zafi, ki goge gidan sama ya bushe, ki ɗora shi a kan na ƙasa. Ɗumama shi yana hana ƙarfen shanye zafin ruwan da za ki zuba.

Ki zuba gari cokali uku manya a cike, wato kusan giram 20. Ki ɗan girgiza matacin ko ki bubbuga gefensa da yatsa har garin ya kwanta daidai, babu tudu babu kwari. Sai ki ɗauki madanni ki ɗora a kai ki danna. Wannan dannawar tana son lura. Ba da ƙarfin hannu ake yi ba, nauyin yatsu biyu ya isa, a dai haɗe garin ya zauna wuri ɗaya. In kin matse shi tamau, ruwa zai tsaya a sama ya huce bai sauka ba. In kin bar shi a sake, ruwa zai huda wa kansa hanya ta gefe ɗaya ya zube ƙasa, sauran garin bai ma jiƙe sosai ba. Ki bar madannin a ciki, shi zai tare ƙarfin ruwan kada ya tona garin.

Idan ruwa ya tafasa, ki sauke ki bar shi kamar rabin minti ya daina ɓalɓala. Ruwan da ke tsakiyar tafasa yana fito da ɗaci mai kaushi. Ki fara zuba kamar cokali biyu a kan madannin, ki jira rabin minti. In garin sabo ne za ki ga ya kumbura, 'yan ƙananan kumfa masu ruwan zuma suna fitowa ta ɓulin madannin, ƙamshi kuma ya cika ɗakin girki. Daga nan sai ki zuba sauran ruwan a hankali, kusan mililita 100 zuwa 120, wato rabin kofin shayi, kina zagayawa ba a wuri ɗaya ba. Ki rufe da murfi ki ƙyale shi.

Minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Kada ki girgiza, kada ki danna madannin don ya yi sauri, kada ki riƙa buɗewa kina leƙawa zafi yana fita. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa ruwan ke jiƙa garin yana kwaso mai da ƙamshi da ƙarfinsa. Abin da za ki tarar a gidan ƙasa bai fi mililita 70 ko 80 ba, domin garin ya shanye saura. Shi ne ruwan farko, wanda su ke kira dikokshan. Ki ɗebo da cokali ki duba: ya kamata ya yi baƙi, gefensa da ja-ja in haske ya ratsa, ya kuma ɗan manne wa cokalin kafin ya zube. Ba a shan sa haka, ya yi ƙarfi da yawa.

Agogo zai gaya miki inda matsala take. In ruwan ya sauka cikin minti biyar, garin ya yi gwari-gwari, ko bai dannu ba, ko ya yi wa matacin kaɗan. In ya haura rabin awa yana nan tsaye, ki ɗan ɗaga murfin iska ta shiga, ki ƙwanƙwasa gefen matacin sau ɗaya ko biyu da cokali. In bai motsa ba, gobe ki sassauta dannawa ko ki rage laushin niƙa. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji, don ki gane wanne ne ya gyara.

Bayan kin juye ruwan farko, za ki iya ƙara ruwan zafi kamar rabin na farko a kan garin nan ki samu ruwa na biyu. Ba shi da kauri, ƙamshinsa ma kaɗan ne. Gidaje da yawa a can ba sa zubar da shi: wasu na ba wa masu son gahawa mara ƙarfi, wasu na ɗumama shi su zuba a kan sabon gari maimakon ruwa zalla. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗe na farko da na biyu a mazubi ɗaya, don an ɓata mai kyan ke nan saboda yawa.

Madara

Yayin da mataci ke ɗiga, sai ki koma kan madara. Yawancin waɗanda suka gwada gahawar nan suka ce ba ta burge su ba, a madara suka yi sake. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin kofin madara ce, don haka in ta yi tsararo komai ya yi tsararo. Garin Kumbakonam a Tamil Nadu ya yi suna da gahawarsa ne saboda masu shagunansa sun shahara da amfani da madarar shanu tsantsa wadda ba a sirka ta da ruwa ba.

Idan kina samun sabuwar madarar shanu wadda ba a cire mata mai ba, ita ce ta ɗaya. Madara fa, ba nono ko kindirmo ba, domin duk abin da ya fara tsami zai tsinke da zarar ya ji zafi. Ki tace ta, ki zuba a tukunya mai kauri, ki tafasa da matsakaiciyar wuta kina juyawa kada ta kama. In ta taso ki rage wuta, ki bar ta minti biyu ko uku ta ɗan ƙara kauri. Tafasawar nan tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma ba ta wani gardi da madarar da aka ɗumama kawai ba ta da shi. In ta yi yana a sama, ki tace.

In madarar gari gare ki, ki zaɓi mai cikakken mai, ki dama ta da kauri fiye da yadda kike yi wa shayi, kamar cokali uku manya zuwa huɗu a kofi ɗaya na ruwa, sannan ki tafasa ta ita ma. Ta ruwa ta gwangwani kuwa sai ki sirka ta da ruwa daidai yawanta. Za su yi, amma ba za su kamo sabuwar madara ba.

Haɗawa da sheƙawa

A can ana kawo gahawar ne a ƙaramin tambulan na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, a zaunar da shi cikin wata 'yar tasa mai faɗi da suke kira dabara. In ba ki da su, kofunan silba biyu za su yi, musamman in ɗaya ya fi faɗin baki. Ki ɗauraye su da ruwan zafi tukuna.

Ki zuba ruwan farko cokali biyu manya, kusan mililita 30, a tambulan. Ki sa sukari ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Sai ki kawo madara tana tururi, mililita 100 zuwa 120, ki zuba daga ɗan sama. Launin da ake nema ruwan ƙasa ne mai haske-haske, ba fari ba, ba kuma baƙi ba. Mai son ta da ƙarfi a ƙara masa cokali ɗaya na ruwan farko. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce, madara ake kai wa gahawa, ba a ɗora gahawa a wuta. Da zarar kin zuba ruwan farko a tukunyar madara kin tafasa su tare, ƙamshin ya gudu, sai ɗaci da wani wari na ƙauri.

Sai sheƙawa. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban teburin mai shayi ta ga yadda yake ɗaga kofi ɗaya sama yana tarba da ɗaya a ƙasa ta riga ta san wannan aikin. Ki riƙe tambulan da tasar ta bakinsu, inda zafi bai kai sosai ba. Ki fara juyawa daga kusa, in ruwan ya kama hanya sai ki ɗaga hannu sama a hankali, ki sauko da shi kafin kofin ya ƙare. Sau uku ko huɗu ya wadatar. Ƙwararru a shagunan Chennai da Bengaluru sukan ɗaga hannu kusan tsawon mita guda ba tare da ɗigo ya zuba ba, amma taƙi ɗaya ko biyu ya ishe ki a gida, kuma ki fara koyo a kan wurin wanke-wanke, yara na nesa. Sheƙawar tana narkar da sukari ba sai an sa cokali ba, tana rage zafin ya dawo daidai baki, tana kuma shigar da iska ta tayar da kumfa mai laushi a sama. In kin wuce sau biyar ko shida, gahawar za ta huce, kuma wannan abin sha ne da ba ya daɗi in ya yi sanyi. Ki ƙare a tambulan, ki zaunar da shi cikin tasar, ki miƙa nan take.

Su da abincinsu na karin kumallo, irin su idli ko dosa ko vada, suke sha da safe. A namu teburin ƙosai ko waina ko burodi duk sun dace da ita.

Mazarƙwaila ma tana shiga maimakon sukari, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu: suna da irinta ta rake, a kudancin Tamil Nadu kuma akwai wadda ake yi da ruwan bishiyar giginya, suna ce mata karupatti. Sai dai mazarƙwaila kan tsinka madara in an tafasa su tare. Ki daka ta, ki narkar da ita a cikin ruwan farko mai zafi, sannan ki zuba madarar bayan kin sauke ta daga wuta.

Ki tuna kofin nan ƙarami ne amma yana da ƙarfi, balle in da Robusta a ciki. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai gyambon ciki su yi hattara da yawanta, kuma wanda barci ke yi wa wuya kada ya sha bayan la'asar.

Ajiya da wanki

Idan safiyarki ba ta da sararin jiran minti ashirin, ki yi yadda gidaje da yawa ke yi a can: ki zuba ruwan a mataci da daddare, ki tashi ki tarar ya tace. A lokacin zafi gara ki juye shi a kwalba mai murfi ki sa a firji da zarar ya gama sauka, kuma kada ya wuce kwana ɗaya, don daga nan yake fara tsami. In za ki ɗumama shi, ki zaunar da kwalbar ko gidan ƙasa na matacin a cikin kwano mai ruwan zafi na 'yan mintoci. Sau da yawa ma zafin madarar kaɗai ya isa.

Matacin kuwa a wanke shi a ranar. Ki zubar da dusar a gindin shuka ko a shara, ba a magudanar wanke-wanke ba don tana toshewa. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan mara ƙamshi, ki ɗauraye sosai. Ki ɗaga gidan sama ki kalli haske ta gindinsa: duk ɓulin da ba ki ga haske ta cikinsa ba ya toshe, sai ki bi shi da tsinin allura ko tsohon buroshin haƙori. In ya toshe da yawa, ki busar da shi, ki riƙe da awartaki a kan harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi, busasshen garin zai ƙone ya kakkaɓe. Na tagulla ana goge shi da jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan gishiri ya dawo yana ƙyalli, kuma ba a barin ruwan gahawa ya daɗe a cikinsa. Ki kife kowane gida daban ya sha iska ya bushe sarai kafin ki haɗa su, domin in kin rufe shi da danshi zai yi warin da zai bi gahawar gobe.